Jakin Ƙarfen da Ya Kai Baba Lamorde

Jiya jikana ya goya ni a moto, muka haye gada zuwa Harobanda gaisuwar rasuwa. Ban gama addu'ar hawa ba sai na ji ya ce mun iso. Na ce, "Kai ɗan nema, ina ruwan ya shiga?" Ya ce, "Tsoho, ai mun wuce shi tun ɗazu, kai ne ka runtse ido." Na ce ƙarya yake yi, idona biyu. Hanci dai na buɗe ina neman wani wari da na saba ji duk sa'ad da na hau abu mai ƙafa biyu, ban kuwa same shi ba. Moton yaran yanzu ba ya tari, ba ya hayaƙi, ba a tura shi, ba a lallashinsa. A danna ɗan maɓalli, ya tashi, a tafi. Na tambayi yaron ko ya san melanji, ya ce ko wani abin sha ne. Shi ya sa tun jiya abin ke cina a rai, na ce bari in faɗe shi tun da sauran numfashi, kada ya bi bak ɗinmu, jirgin fiton nan, wanda yau in ka ambace shi sai a yi maka kallon mai tatsuniya.

Yamai ɗin da nake magana ita ce wadda aka ɗaga wa sabuwar tuta ba da jimawa ba. Nasara na ɗaure kayansu, ƴan ƙasa na koyon zama a kujerun biro, wato ofis. Mu dai a Gamkalle ba ruwanmu da kujera. Abin da ke tashinmu da safe, bayan ladan, shi ne ƙarar gwangwanayen masu lambu suna gangarawa kogi ɗibar ruwa, sai luguden mata, sai bugun wanki a kan duwatsu, tas, tas, wanda iska ke kawowa har cikin ɗaki. In iskar ta juya kuma ta kawo warin majema, kowa ya toshe hanci yana zaginsu, alhali fatarsu ce a ƙafarsa. Ƙetaren ruwa a lokacin wata duniya ce daban. Babu gada. Ko ka shiga kwale-kwale kana salati, ko ka je mashiga ka jira bak, wani faffaɗan jirgi mai inji da ke kwasar kamiyo, wato motocin kaya, da shanu da mutane gaba ɗaya. In ya tashi ya bar ka, sai ka nemi inuwa ka ɓare goro, don kogi bai san gaggawar kowa ba. Yanzu rabin lambunan nan an yanka an yi gini, kukan motoci ya cinye bugun wankin, kuma yaro na iya zuwa Harobanda ya dawo kafin shayi ya huce.

Ni tela ne, da kekena ɗaya a wata rumfa kusa da ƙaramar kasuwa. Shekarar da Inna ta rasu na je Tibiri na ɗauko Baba, don ƙafafunsa sun ƙi. Sanyi ya ci masa gwiwoyi, daga tabarma zuwa bakin zaure sai da sanda da hutawa biyu. Mutumin nan kuwa da ƙafa ya san duniya. Madugu ne a zamaninsa, shi ke gaban ayarin jakai daga Gobir zuwa Gwanja, su kai kanwa da fata, su komo da goro. Ni ban riski wannan ba. Da na yi wayo na tarar da shi yana sayar da man gyaɗa da hatsi a kasuwa, ba jaki ko ɗaya a gidanmu, kuma ko a hanyar gona aka ba shi aro ba ya hawa. Mun ɗauka girman kai ne irin na tsofaffin madugai. Abin da duk garinmu ya san shi da shi, shi ne mudu. Ba ya tauyewa, ba ya algus, ba ya kuma ƙaunar mai yi. In aka kawo masa mai, sai ya ɗaga kwalbar ya saita ta da rana, ya ƙanƙance ido ɗaya. In ya ga duhu-duhu a ciki, ya miƙa wa mai shi abinsa bai ce uffan ba. Maganarsa kullum ita ce, "Abin da aka gauraya, akwai abin da ake ɓoyewa." Da wannan magana aka yaye mu.

Ban sayi mobilet, ɗan babur ɗin nan mai feda, don Baba ba, kada in yi wa kaina ado. Ƙuruciya ce ta saya. Wani ma'aikacin biro ne, mutumin Dahome, da nake ɗinka wa wando, zai koma gida yana rabuwa da kaya. Shuɗiya ce, fentin ya koɗe, sirdin ya tsage, fitilar ta fashe a gefe. Na kwashe abin da na tara na ɗinkin sallah biyu na miƙa, alhali ban san ko ta ina ake duba lafiyar inji ba. Na zagaya ta sau uku, na matsa taya da yatsa kamar mai sayen kankana, na gyaɗa kai na ce ta yi. Mutumin ya nuna mini buji, wato ɗan abin da ke ba ta wuta, ya nuna mini yadda ake murɗa mai, sannan ya ɗaga yatsa ya ce, "Melanji kullum, ka ji? Melanji." Na ce na ji. Na riƙe kalmar, ban tambayi dalili ba, don kada ya gane ban san komai ba. Ranar turo ta na yi har gida, saboda kunyar in faɗi a gaban ƴan kasuwa.

Ita mobilet ba ta tashi sai an tuƙa feda kamar keke, ta yi tari biyu uku, sannan ta kama. Ranar da ta fara kama mini, murna ta sa na manta inda birki yake. Na ratsa shingen wani mai lambu na kwanta male-male cikin fangalin salati, wato latas, ita tana gefe tana kuka, tayar baya na juyawa a sama. Mai lambu ya taho yana zage-zage da Zabarmanci, da ya ga yadda wandona ya rabu biyu sai dariya ta ƙwace masa, har ya ba ni salatin da na murƙushe ya ce in kai gida. Wai tela da yagaggen wando! Daga nan na shiga hidimarta ba ji ba gani. Kowace yamma in wanke ta da ruwan kogi, har ruwa ya shiga inda bai kamata ba ta yi kwana biyu ba ta tashi. Na koyi kwance buji in kankare baƙin da allurar ɗinki, in hura, in mayar. Sarƙarta man keken ɗinkina take sha. A ɗaki take kwana, na lulluɓa mata tsohon zane, mai ɗakina na mita wai har tuwo warin esansi, wato fetur, yake yi.

Baba yana bakin zaure yana kallon duk wannan. "Jakin ƙarfe" yake ce mata. Ya ce, "Dabbar da ba ta san hanyar gida ba, mi ne amfaninta?" Amma ina lura da shi. In na ajiye ta a rana sai in ji ya ce, "Kai, matsa da ita inuwa." Wata rana na dawo ya ce, "Yau numfashinta bai yi mini ba." Na kwance buji, wallahi ya toshe da baƙi. Na tambaye shi yadda ya sani, ya ce, "Mai dabba da kunne yake kiwo, ido sai ya makara." Ban da wannan ba abin da ke motsa shi. Tun rasuwar Inna abinci sai an yi da gaske, magana sai ta kama.

Akwai wata Bafulatana da ke ƙetarowa daga Lamorde kowace safiya da ƙwaryar nono. Lamorde a lokacin ƙauyen makiyaya ne a bayan ruwa, ba wannan unguwar ta ɗalibai ba. Wata rana tana dama wa Baba fura, ta ƙura wa tsagen fuskarsa ido, ta ce a garinsu ma akwai tsoho mai irin wannan zane, makaho, fuskarsa duk zanzana, ana ce masa Nomau mai jakai, ya jima a kwance. Baba ya ajiye ludayi. Ya ce, "Ƙaramin yatsansa na hagu guntu ne?" Ta ce guntu ne. Ya ce, "Inna lillahi," ya ture ƙwaryar, bai ƙara kurɓa ba.

Bayan la'asar ya kira ni ya ce in zauna. Bai dube ni ba, ƙasa yake kallo.

Ya ce, "Nomau abokina ne, rana ɗaya aka yi mana kaciya. Tafiyata ta ƙarshe, a wani zango cikin ƙasar Gurma, agana ta kama shi. Ga mutane da dabbobi a wuyana, in na tsaya ciwo ya cinye ayari. Na yi masa bukka a nesa, na ajiye masa goran ruwa da gari, na ce, Nomau, ka jira ni, zan komo da abin hawa in ɗauke ka. A komowa muka ji an ƙone zangon. Na bi wata hanya, ban je na duba ba. Tsoro na ji. Da muka isa gida na dubi uwarsa na ce mata ya rasu, ni na rufe shi da hannuna."

Ban taɓa jin Baba ya ambaci tsoro a kansa ba.

Ya ce, "Ban taɓa tauye mudu ba, duk Gobir shaida ce. Amma wagga magana da na auna wa tsohuwa, algus ce. Shi ya sa na sayar da jakai. Gobe ka kai ni, tun ɗayanmu bai riga ɗaya ba."

Kafin magariba na ɗinka matashi na cusa masa audugar rimi, na ɗaure a mazaunin baya. Da hantsi ni da maƙwabcina muka ɗora shi, ya riƙe kafaɗuna, sandarsa a gicciye tsakaninmu. Tanki ya kusa bushewa, sai muka biya gidan mai. Famfon wancan zamani da hannu ake bugawa, da kwalaben gilashi a sama, kana ganin esansin na hawa. Na ce, "Melanji," kamar kullum. Mai famfo ya ɗauko wani mai baƙi-baƙi, mai kauri, zai tsiyaya a cikin esansin nan garau. Sai na ji yatsun Baba sun nutse a kafaɗata.

Ya ce, "Tsaya! Mi kake zubawa?"

Mai famfo ya ce, "Mai ne, Baba, haka ake yi."

"A gabana? Da rana tsaka?" Baba ya juyo gare ni. "Kai, wanga abin kake shayar da ita kullum? Don mi?"

To, nan fa ake yin ta. Wata biyu ina faɗin melanji, ban san don me ba. Da na san dalili da na faɗa. Ga mutane sun fara taruwa, ga ubana, mutumin da duk garinmu ke kai wa mai ya duba. Ina zan ce masa bai sani ba, a gaban baƙi? Mai famfo ya yi ta rantsuwa, Baba ya ce a ɗaga kwalbar a rana kowa ya gani. Na ce wa mutumin, "Zuba mai kyan." Ya ɗaga kafaɗa ya cika mana tanki da esansi tsura.

Da farko har daɗi ta yi, ba hayaƙi, tana gudu sumul. Baba ya ce a kunnena, "Ka gani?" Muna gangarawa mashigar bak sai muryarta ta sauya, ta zama siririya, busasshiya. Baba ya ce, "Tsaya, ƙishi take ji." Ni kuwa ina hango bak ana gama lodi, sai na ƙara murɗawa. Wannan laifina ne ni kaɗai, ban taɓa ɗora wa kowa ba. Ta yi wata ƙara, ƙiii, ta yi shiru. Na tuƙa feda, feda ta ƙi juyawa. Injin ya yi zafin da ko tofa masa yawu ka yi sai ya yi cuu. Muna tsaye a nan bak ya yi kukansa ya tashi, muna kallo har ya kai tsakiyar ruwa.

Da Baba a kanta na tura ta har rumfar Sarjan, ƙarƙashin wani itacen bedi, wato dogon yaro. Sarjan tsohon soja ne, Bazabarme, a soja ya koyo gyaran inji, kuma bakinsa ya fi hannunsa kaifi. Ya buɗe ta, ya zaro fiston, wato ƙarfen da ke kai da komo a cikin inji, duk ya kakkarce ya yi baƙi.

Ya ce, "Wane maƙiyin Allah ya shayar da ita esansi tsura?"

Na buɗe baki zan ce ni ne, Baba ya riga ni. Ya ce, "Ni ne."

Sarjan ya ɗago, ya ga tsagen Gobir, sai ya tafa hannu. "Ai ho! Bagobiri! Da ma na san sai ku." Tsakanin Gobirawa da Zabarmawa akwai wasa tun kaka da kakanni, kowa na iya gaya wa kowa abin da ya ga dama, ba a fushi. Ba don haka ba, ba mai iya gaya wa Baba abin da Sarjan ya gaya masa ranar.

Baba ya ce, "Kama bakinka, Bazabarme. Algus na hana."

Sarjan ya ce, "Tsoho, furar da ka sha da safe, gero ne tsura ko da nono?"

Sarjan bai jira amsa ba, ya ƙara jefo masa wata.

"Ku masu kiwo, ba ku jefa wa dabba kanwa a ruwa?"

"Muna jefawa."

"Algus ne? Duba nan. Ƙarfe ne ke gugar ƙarfe a cikin nan, ba hutawa. Man da ka hana shi ne kanwarta, in babu shi sai ta ci kanta. Mai algus ɓoyewa yake yi. Wancan bawan Allah a gaban idonka ya zuba."

Baba ya karɓi fiston ɗin, ya daɗe yana shafa karcen da babban yatsa. Can ya ce, "Ashe ni na kashe ta da ƙishi." Sai kuma ya ce, "Duk tsufan nan, wai sai yau Bazabarme ya koya mini abu." Sarjan ya ce, "Kuma kyauta, don na san ba ku da ko anini." Baba ya yi ɗan murmushi, amma na ga idonsa ya kaɗa. Sarjan ya ce fiston babu shi a kanti, sai an nemo a jikin wata matacciyar mobilet, mu ba shi kwanaki.

Kwana tara aka yi, kuma ban taɓa ganin kwanaki masu nauyinsu ba. Kowace safiya Bafulatanar nan ta zo, Baba ba ya tambaya, ido kawai yake ɗagawa. Ta ce, "Yana nan." Wata rana ta ce, "Jiya bai sha komai ba." Na ce wa Baba mu shiga kwale-kwale, in mun haye in goya shi a baya. Ya ce, "Da abin hawa na ce zan komo, ba a bayan mutum kamar kaya ba." Na ce to in nemo jaki. Ya ce, "Na haramta wa kaina." A rana ta shida haƙurina ya ƙare, na ɗaga masa murya, abin da ban taɓa yi ba kuma ban sake ba. Na ce, "Baba, in ya mutu fa muna nan muna jiran ƙarfe?" Ya dube ni ya ce, "Kai ka san abin da zan ce masa? Shekara talatin ina nema ban samu ba." A nan na gane ba fiston kaɗai yake jira ba. Tausayinsa ya kama ni har na fita bayan gida na yi kuka.

Ranar da Sarjan ya tashe ta, ya miƙa wa Baba wani ɗan gwangwanin tumatir da ya wanke. Ya ce, "Bagobiri, tunda an ce kai ne sarkin mudu, ga mudunka. Cikinsa ɗaya ga litir biyu. Kai kuma tela, fiston baƙo ne a cikinta, kada ka matsa mata." Muka koma gidan man nan. Baba ya sa aka sauke shi, ya kira mai famfo ya ce, "Ɗana, na zalunce ka rannan, ka yafe mini." Sannan ya karɓi man da hannunsa, ya cika gwangwani har baki, ya ɗaga ya saita da rana, ya juye. Ta tashi da tarinta da shuɗin hayaƙinta, Baba ya karkata kunne ya ce, "Yawwa. Yanzu ta sha."

Mun sami bak. Aka matse mu tsakanin wata kamiyo da garken shanu, ni ina riƙe da ƙahon mobilet, wato mariƙinta, Baba na zaune a kanta yana kallon ruwa, bakinsa na motsi. A ƙetare rairayi ne, inda taya ta nutse sai in sauka in tura, shi yana ce mini, "Bi ta inda ciyawa take, nan ƙasa ta fi ƙarfi." Wajen azahar muka shiga Lamorde. Wata mata, ashe ɗiyar Nomau ce, ta kai mu wata rumfar zana. Ga shi nan kwance a kan tabarma, ya rame ƙwarai, idanun fari fat.

Baba ya ƙi in riƙe shi. Da rarrafe ya ƙarasa, ya yi sallama.

Tsohon ya juyo da kunne. Ya ce, "Wagga murya ta tsufa, amma ta Madugu ce. Tun kwana tara mai nono ta ce mini kana tafe. Na ce wa mutuwa ta yi haƙuri, mutumin nan ba ya sauri."

Baba ya kama hannunsa mai guntun yatsa, ya faɗa masa duka, bai rage ba, har maganar da ya gaya wa tsohuwa. Sai na ga hawaye na bin ramukan zanzanar Nomau.

Ya ce, "Ta yi mini sadaka?"

"Ta yi. Ta uku, ta bakwai, ta arba'in."

"Allah ya jiƙanta. Fulani suka tsince ni, Madugu. Da na tashi ba ido. Shekara goma ina tsine maka, ba zan ɓoye ba. Daga baya na gaji. Na ce da makaho ya koma ya zame wa tsohuwa kaya, gara yadda ka gaya mata." Ya numfasa. "Amma abu ɗaya ya rage. Ka ce za ka komo da abin hawa. Ina yake?"

Baba ya ce, "Yana waje."

"Jaki?"

"Na ƙarfe."

"To mi muke jira? Ɗauke ni."

Na tashe ta a tsaye, tana kuka a hankali. Ni da ɗiyarsa muka ɗaga shi, ba nauyi ko kaɗan, muka zaunar da shi a kan matashin da na ɗinka. Na ɗaga ƙafa zan hau, sai Baba ya ce, "Sauka. Ni na yi alkawari." Ya jefar da sanda, ya kama ƙahon da hannu biyu, ya miƙe. Na riƙe Baba Nomau ta baya ina turawa a hankali. Mutumin da ba ya kai bakin zaure sai ya huta sau biyu, ranar ya ja mobilet daga rumfar nan har gindin wani gawo da ke ƙofar gida, yana jan ƙafa, yana taɓa harshe a ganda irin yadda ake kora jaki. Matan gidan suka fito suka yi cirko-cirko. Hayaƙi ya bugi hancin Baba Nomau, ya yi tari ya ce, "Madugu, jakin naka tusa gare shi." Su biyu suka yi ta dariya suna kuka.

Da muka kai inuwar gawo ya ce, "Mun iso?"

Baba ya ce, "Mun iso, Nomau."

Ya lalubo fuskar Baba da hannu, ya shafa tsagen, ya ce, "To na yafe. Duniya da lahira."

Kwana huɗu bayan nan Baba Nomau ya rasu, mu muka rufe shi, Baba ya zuba ƙasa da hannunsa. Shi kuma ya ƙara damina biyu a duniya, yana cin tuwonsa, yana zagin Sarjan. Mobilet ta yi mini shekaru, ta ga haihuwar ƴaƴana uku, kuma muddin Baba na raye ban ƙara auna mata mai ba. Aikinsa ne. Kowace safiya zan tarar da shi a bakin zaure da gwangwanin tumatir, ya ƙanƙance ido ɗaya. Ita an daɗe da sayar da ƙarfenta ga maƙera, gwangwanin yana cikin aljihun keken ɗinkina, ya yi tsatsa, jikoki na tambaya don me nake ajiye shara.

Jikan nan nawa bai yi ƙarya ba, na runtse ido a kan gada. Daga can sama ana hango tsohuwar mashigar bak, ni kuwa ban so yaro ya ji tsoho na kuka a bayansa ba.